Yadda Ake Tsara Horon Likitocin Mata da Haihuwa a Amurka Kan Kula da Majinyata 'Yan LGBTQI

A shekarar 2019 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga labarin wani majinyaci ɗan shekara 32 da ya je ɗakin gaggawa da ciwon ciki mai tsanani. An haife shi mace, ya sauya jinsi, katin asibitinsa kuma na cewa namiji ne. Bai ɓoye komai ba: ya gaya wa nas ɗin da ta karɓe shi ko shi wane ne, ya kuma ce ya yi gwajin ciki a gida ya nuna akwai. Amma abin da aka gani shi ne namiji mai ƙiba wanda ya daina shan maganin hawan jini, sai aka sa shi layin waɗanda za su iya jira. Bayan sa'o'i da likita ta duba shi, ashe naƙuda yake yi, igiyar cibiya ta riga jaririn fitowa. An haifi jaririn babu rai.

Duk ungozomar da ta ga mace mai hawan jini da ciwon ciki da zubar ruwa ta san abin da za ta yi cikin minti biyar. Ilimin yana nan a asibitin. Abin da ya ɓace shi ne sabon tambayar kai: wane gaɓoɓi ne a jikin wannan mutum da ke gabana? Horon da wannan jagora ke bayani a kai, wato na kula da 'yan LGBTQI ('yan maɗigo, 'yan luwaɗi, masu mu'amala da jinsi biyu, masu sauya jinsi, mata-maza da makamantansu), gaba ɗayansa, ƙoƙari ne na dasa wannan sabo a kan likita tun yana koyo.

Na rubuta ne domin wanda aka ɗora wa alhakin tsara horon, da kuma likitocinmu da suka yi karatu a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai, suka tsallaka Amurka neman ƙwarewa, suka tarar da wani fanni da ba a taɓa koya musu ba. A can horon likitan mata da haihuwa shekara 4 ne, hukumar ACGME ce ke tantance shirye-shiryen, majalisar CREOG ke tsara manufofin karatu da jarrabawar shekara-shekara, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka, ACOG, kuma ke fitar da ƙa'idojin aiki. Takardar ACOG mai lamba 525 ta 2012 ta yi magana kan mata 'yan maɗigo da masu mu'amala da jinsi biyu, mai lamba 823 ta 2021 kuma kan masu sauya jinsi. Ka karanta su kafin komai.

Mataki na 1: Gano inda ake, ka nemo wanda zai riƙe aikin

Kada ka ɗauka sababbin likitocinka sun zo da wani abu daga makaranta. Binciken da aka buga a mujallar JAMA a 2011 ya nuna cewa a makarantun likitanci na Amurka da Kanada, tsaka-tsakin lokacin da ake ba wannan fanni a duk tsawon karatu awa 5 ne kacal. An samu ci gaba tun daga lokacin, musamman bayan kundin da ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ta fitar a 2014, amma wanda ya yi karatu a wata ƙasa sau da yawa ko awa ɗaya bai samu ba.

Raba musu takardar tambayoyi ba tare da suna ba. Kada ka tambaye su ko suna jin sun shirya, domin kowa zai faɗi abin da yake ganin ana so. Tambaye su abin da ke da amsa: shin testosteron, wato homon maza da masu sauya jinsi zuwa namiji ke amfani da shi, na hana ɗaukar ciki? Macen da ba ta taɓa kwanciya da namiji ba tana buƙatar gwajin bakin mahaifa? Me za ka fara dubawa a jaririn da ba a tantance al'aurarsa ba? Ka ba manyan likitoci masu koyarwa takardar su ma. A nan ne yawanci za ka ga ainihin gibin, domin mai koyo abin da ya ga babbansa na yi a ɗakin duba majinyata shi yake kwaikwayo.

Sannan a sami babban likita ɗaya da za a rage wa aiki a hukumance domin ya riƙe wannan. Idan aka bar shi a hannun wani mai koyo da ke da himma, ranar da ya gama ya tafi shirin ya mutu. Kuma kada a ɗora wa likitan da shi kansa ɗan LGBTQI ne nauyin koyar da kowa don kawai shi ne a wurin.

Mataki na 2: Gyara kati da teburin karɓar majinyata

Majinyaci na haɗuwa da mai ba da kati da nas kafin ya ga likita, don haka su ma suna cikin horon. A binciken da aka yi wa masu sauya jinsi 27,715 a Amurka a 2015, kashi 23 cikin 100 sun ce a shekarar da ta gabata sun ƙi zuwa wurin likita alhali suna buƙata, saboda tsoron wulaƙanci. Cikin waɗanda suka je kuwa, kashi 24 sun ce sai da suka koya wa likitan yadda zai kula da su.

Kati ya ƙunshi tambaya biyu a rarrabe: jinsin da mutum ke rayuwa da shi yanzu, da jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa. A ƙara gurbin sunan da yake so a kira shi da shi, domin yana iya bambanta da na takardar inshora. Amma mafi amfani ga likitan mata shi ne jerin gaɓoɓi: akwai mahaifa ko an cire? Bakin mahaifa fa? Gidan ƙwai, mama, 'ya'yan maraina, furostet (ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji)? Manhajojin adana bayanan asibiti irin su Epic suna da wurin cike wannan. A koya wa kowane mai koyo ya cike shi a ziyarar farko, ya sabunta bayan kowace tiyata. Dokar mai sauƙi ce: gaɓar da ke nan, a yi mata gwajin da ya dace da ita.

A kuma gaya wa majinyaci wanda zai iya ganin abin da aka rubuta. Matashiyar da ke ƙarƙashin inshorar iyayenta, takardar bayanin kuɗi na iya isa gidansu. Mai koyo ya san wannan kafin ya danna maɓalli.

Mataki na 3: Koyar da yadda ake tambaya

Nan ne ake fi yin tuntuɓe, kuma ba a koyonsa a lacca. Ga yadda abin ke lalacewa. Likita ya tambayi mace: "Kina da aure?" Ta ce e. "Me kike amfani da shi na tazarar haihuwa?" Ta ce babu. "Kina neman ciki ne?" Ta ce a'a. Sai ya shiga yi mata nasiha kan allura da ashana da robar mahaifa, ita kuwa matar da take aure tana zaune a ɗakin jira. Ta fita ba a yi mata maganar abin da ya kawo ta ba, kuma da wuya ta dawo.

Ga yadda ake so ya tafi: "Malama, akwai tambayoyin da nake yi wa duk wanda ya zo nan, kuma abin da kika faɗa sirri ne. A shekarar nan kin yi mu'amalar kwanciya da wani? Maza ne, ko mata, ko duka biyu? Wane ɓangaren jiki ne ke haɗuwa da wane? Akwai yiwuwar ɗaukar ciki a mu'amalar da kike yi?" Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsara waɗannan a ƙarƙashin kanu biyar: abokan mu'amala, irin mu'amalar, kariya, tarihin cututtukan sanyi, da niyyar ciki. Tambayar ɓangaren jiki ba bin diddigi ba ne, ita ce ke nuna inda za a ɗauki samfur. Ciwon sanyin da ke maƙogwaro ko dubura ba ya fitowa a gwajin fitsari.

Hanyar koyarwa ita ce a kawo mutanen da aka horar su yi kamar majinyata, a biya su, zai fi kyau su fito daga cikin al'ummar da ake magana a kai. Mai koyo ya yi hira da su, a ɗauka a bidiyo, ya kalli kansa. Zai ga inda ya kau da kai, inda ya yi sauri ya tsallake tambaya. A koya masa kuma abin da zai yi idan ya kira mutum da sunan da ba shi ba: ya ce "yi haƙuri", ya gyara, ya ci gaba. Doguwar ban-haƙuri na mayar da majinyaci mai rarrashin likita.

Abubuwan da dole su zauna a kansa game da mata 'yan maɗigo: ƙwayar cutar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, na yaɗuwa ta haɗuwar fata tsakanin mace da mace, kuma da yawansu sun taɓa mu'amala da maza a baya, don haka gwajin sankarar bakin mahaifa ya hau kansu kamar kowa, daga shekara 21 zuwa 65. Cutar rikicewar ƙwayoyin farji mai sa wari ta fi yawa a cikinsu. Duka da cin zarafi tsakanin ma'aurata na faruwa a irin wannan zama ma, saboda haka a fitar da abokiyar zama daga ɗaki a yi tambayar, yadda ake fitar da miji.

Mataki na 4: Dubawa a kan gado

Ga namijin da aka haifa mace, hawa gadon duba al'aura na daga cikin abubuwa mafi nauyi. Akwai nauyin zuciya, akwai kuma na jiki: testosteron na sa fatar farji ta yi siriri ta bushe, kamar ta macen da ta daina al'ada, ƙarfen dubawa na iya yi masa ciwo har da jini. Binciken cibiyar Fenway ta Boston da aka buga a 2014 ya gano cewa kashi 10.8 cikin 100 na samfuran gwajin Pap, wato gwajin sankarar bakin mahaifa, da aka ɗauka daga irin waɗannan majinyata ba su karantu ba, alhali a sauran mata kashi 1.3 ne. Ma'ana mutum ya daure ya sha wahala, sannan a kira shi a ce ya dawo a sake.

Don haka a koyar da wannan dalla-dalla. Idan babu gaggawa, ziyarar farko ta zama ta hira kawai, da tufafi a jiki. A tambaye shi kalmomin da yake so a yi amfani da su wajen ambaton gaɓoɓinsa. A gaya masa tun farko cewa samfurin na iya ƙin karantuwa, don kada kiran ya firgita shi. Ana iya ba shi man istrojin, wato homon mata, na shafawa a farji na ɗan lokaci kafin ranar, a kuma bayyana masa cewa abin da ke shiga jini kaɗan ne, ba zai warware aikin testosteron ba. A ɗauki ƙarfe mafi ƙanƙanta, a sa man santsi, a ba shi zaɓin ya saka da hannunsa, a yarda cewa da ya ce a tsaya an tsaya. A takardar da za ta raka samfur zuwa ɗakin gwaji a rubuta cewa yana kan testosteron kuma ba ya al'ada, domin mai karantawa na iya ɗaukar sirantar fata a matsayin alamar cuta.

Tun watan Mayun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince mutum ya ɗauki samfurin gwajin HPV da kansa a cikin asibiti. Ga wanda ya shekara goma yana gudun gadon dubawa, wannan babbar ƙofa ce, kuma ya kamata kowane mai koyo ya san yadda ake bayar da ita.

Mataki na 5: Homon, ciki da haihuwa

Testosteron na ɗauke jinin al'ada, yawanci cikin watanni shida na farko, amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne. Ƙwai na iya fita ko da babu jini. Kuma idan ciki ya shiga, maganin na iya sauya halittar al'aurar jaririya mace, don haka ake dakatar da shi kafin neman ciki da duk tsawon goyonsa. Duk hanyoyin tazarar haihuwa na iya tafiya tare da testosteron. Wasu majinyatan sun fi son waɗanda babu istrojin a ciki, kamar ashana ko robar mahaifa. Jinin da ya dawo bayan ya daɗe da ɗaukewa ba a yi masa kallon banza: a yi gwajin ciki, a duba ko ana shan maganin daidai, sannan a bincika kamar yadda ake binciken kowane jinin da bai dace ba.

Wani bincike na 2014 a mujallar Obstetrics & Gynecology ya tattara bayanan maza 41 da suka ɗauki ciki bayan sauya jinsi, kashi 61 cikin 100 sun taɓa amfani da testosteron kafin cikin. Ke nan ɗakin haihuwa zai gan su. A shirya tun lokacin awo: wane suna za a rubuta a allo, yaya yake so a kira shi ga jaririn, zai shayar ko an yi masa tiyatar ƙirji, yaushe yake son komawa kan magani. A sa ido sosai kan damuwar bayan haihuwa.

Cire mahaifa aikin likitan mata ne na yau da kullum, dabarar tiyatar ba ta canza ba. Abin da ke buƙatar koyo shi ne hirar da ke gabanta: za a bar gidan ƙwai ko a cire? Idan an cire kuma wata rana maganin ya yanke, ƙashi zai yi rauni. Yana son adana ƙwai kafin nan? Kundin ƙungiyar masana lafiyar masu sauya jinsi ta duniya, WPATH, bugu na 8 na 2022 da ƙa'idar ƙungiyar likitocin homon, Endocrine Society, ta 2017 duk sun ce a yi maganar adana ƙwai ko maniyyi kafin fara magani.

Mata biyu da suka zo neman haihuwa kuwa, a san zaɓuɓɓukansu, har da wanda ake ɗaukar ƙwan ɗaya a dasa a mahaifar ɗaya. A 2023 ƙungiyar likitocin matsalar rashin haihuwa ta Amurka, ASRM, ta faɗaɗa ma'anar rashin haihuwa ta haɗa da masu buƙatar ƙwai ko maniyyin wani, abin da ke da tasiri kan inshora. Matsayin uwa ta biyu a doka ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka a haɗa su da jami'in walwala tun kafin naƙuda.

Matan da aka haifa maza su ma suna zuwa. Wadda aka yi wa tiyatar gina farji ba ta da bakin mahaifa, ba ta buƙatar Pap, amma furostet ɗinta na nan. Matsalolinta su ne ƙuntatar hanya idan ta daina amfani da abin buɗawa, tsiron nama mai jini, da fitar ruwa. Bayan shekaru a kan istrojin ana duba mamanta. Ƙa'idar jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco (UCSF) ta 2016 ta ce daga shekara 50 bayan aƙalla shekara 5 a kan magani. Mai shan sifironolakton, maganin da ke danne homon maza, kuma a riƙa auna mata fotasiyam a jini.

Mataki na 6: Mata-maza, ɓangaren da aka fi mantawa

Shirye-shirye da yawa kan kai ƙarshe ba su taɓo wannan ba, alhali shi ne zai iya faɗo wa likita da tsakar dare. Kuma shi ne ya shafi kowane asibiti a duniya, daga Shikago har Katsina. Malamanmu na fikihu ma sun daɗe da sanin wannan halitta, sun yi mata hukunce-hukunce a babin gado.

Jariri ya fito, an kasa cewa namiji ne ko mace. Kalmar farko da likita zai faɗa iyaye ba za su manta da ita ba har abada. Kada ya yi hasashe. Ya ce: "Barka, jaririnku ya iso lafiya. Al'aurarsa ba ta fito yadda muka saba gani ba, za mu yi gwaje-gwaje kafin mu gaya muku abin da muka gano." A maimaita wannan jimla a ɗakin atisaye har ta zauna a baki.

Gaggawar da ke nan ba ta suna ba ce, ta rai ce. Mafi yawan abin da ke jawo haka a jariri mai ƙwayoyin halitta 46,XX, irin na mace, shi ne larurar CAH ta ƙullutun saman ƙoda, kuma nau'inta mai zubar da gishiri na iya kashe jariri a mako na biyu ko na uku: amai, ƙin nono, bushewar jiki, sodiyam ya faɗi, fotasiyam ya hau. A Amurka ana yi wa kowane jariri gwajinta da ɗigon jinin dunduniya. Inda ba a yin haka, idon likita da na ungozoma ne kaɗai kariya. A ƙasar Hausa kuwa iyali na fuskantar matsin raɗin suna ranar bakwai, daidai lokacin da haɗarin ke tunkarowa, sannan auren zumunci na ƙara yiwuwar larurar, domin idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu.

Wasu kuma sai sun girma ake ganewa, su zo wurin likitan mata saboda shekara 15 ko 16 babu al'ada. Wata jikinta ne ba ya jin homon maza: ƙwayoyin halittarta 46,XY, irin na namiji, siffarta ta mace, babu mahaifa. Wata kuma larurar MRKH ce, inda mahaifa da farji ba su ginu yadda ya kamata ba, wadda ke samun kusan mace 1 cikin 4,500 zuwa 5,000, kuma da yawansu ba sa kallon kansu a matsayin mata-maza, don haka kada a laƙaba musu. ACOG a takardarta mai lamba 728 ta 2018 ta ce a fara da abin buɗawa kafin tunanin tiyata, kuma sai yarinyar da kanta ta shirya.

A koyar da tarihin fannin ba tare da kwaskwarima ba. Shekaru da dama ana yi wa jarirai tiyatar gyaran siffa, ana ɓoye musu gaskiya har su girma, ana tara ɗalibai a kansu ana ɗaukar hoto. Taron Shikago na 2005, wanda aka buga matsayarsa a 2006, ya kawo tsarin tawagar ƙwararru da faɗin gaskiya ga iyali. Ƙasar Malta ta haramta irin wannan tiyata ba da yardar mai jikin ba a 2015, asibitin yara na Lurie a Shikago kuma ya fito ya nemi gafara a 2020. Har yanzu likitoci da iyaye na da saɓani kan lokacin tiyata, musamman a CAH, kuma mai koyo ya ji hujjar kowane ɓangare. Ni dai ra'ayina, abin da ba ya barazana ga rai ko fitar fitsari, a bar shi har mai jikin ya iya magana.

Mataki na 7: Raba shi cikin shekaru huɗu, ka kuma auna

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka tambaya da kati da dubawa su zo a watannin farko na shekara ta 1. Shekara ta 2 ta ɗauki tazarar haihuwa, cututtukan sanyi, ɗakin haihuwa da rigakafin ƙanjamau. A nan a tuna musu cewa maganin Truvada, da aka amince da shi domin rigakafin ƙanjamau a 2012, ya dace da mai mu'amala ta farji, amma amincewar da aka yi wa maganin Descovy a 2019 ba ta haɗa da su ba. Shekara ta 3 homon da neman haihuwa da mata-maza, tare da zama na wasu makonni a asibitin da ke ganin irin waɗannan majinyata da yawa. Shekara ta 4 tiyata da koyar da na ƙasa. Kada a ware masa "rana ta musamman" sau ɗaya a shekara. A cusa shi cikin darussan da ake yi dama: ranar da ake maganar jinin da bai dace ba, ɗaya daga misalan ya zama mai shan testosteron. Cibiyar Fenway na da darussa kyauta a intanet ga shirin da ba shi da ƙwararre a gida.

Doka ma darasi ce. A Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Skrmetti, ta tabbatar da dokar jihar Tenesi da ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 18 magungunan sauya jinsi, kuma jihohi da dama na da irinta. A Ingila rahoton Cass na 2024 ya ce hujjojin kimiyya kan yara ba su da ƙarfi, manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka da yawa kuma suka ci gaba da goyon bayan maganin. Mai koyo ya san dokar jiharsa, ya kuma san cewa wannan muhawara kan yara ce, ba ta shafi gwajin bakin mahaifar babba ko awon cikinsa ba. Wanda zai dawo aiki Najeriya ya tuna da dokar 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya: abin da ake rubutawa a kati a Boston na iya jefa mutum cikin haɗari a nan, don haka a rubuta abin da magani ke buƙata kawai, a riƙe sirri da gaske.

Akwai masu koyo, Musulmi da Kirista, da za su ji nauyin wannan fanni a zuciyarsu, kuma ya kamata shugaban shiri ya zauna da su a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Ba a neman kowa ya sauya aƙidarsa. Takardar ACOG mai lamba 385 ta 2007 ta fayyace iyakar: likitan da ba zai yi wani aiki ba saboda imaninsa dole ya ba da bayani na gaskiya, ya tura majinyaci wurin wani a kan lokaci, kuma a halin gaggawa ya yi abin da ya wajaba.

Wajen aunawa, sake raba takardar tambayoyin mataki na 1 kowace shekara. Amma ka fi dogara da abin da ke cikin katuna: cikin majinyata masu bakin mahaifa da aka rubuta a matsayin maza, nawa ne gwajinsu ke kan lokaci? A katuna nawa aka cike jerin gaɓoɓi? Cikin masu shan testosteron, nawa aka tambaya game da tazarar haihuwa? Ka ba wani mai koyo na shekara ta 2 aikin ciro waɗannan alƙaluma duk bayan wata shida, ya gabatar da su a taron sashe, a gaban manyan likitoci da nas-nas na ɗakin gaggawa.